RIƘON MAI TUBA: Waƙa da sharhinta a kan samarin da ke fita daga shan ƙwaya da giya

Da sunan Ta'ala ni ka fara batuna,
Shi ba ni basira, shi tsare ni ɓacewa.
Salati da tsira ga Ɗaha Muhammadu,
Da Alu, Sahabbai, har ranar tsayuwa.
Ina gaida Shehu Tijani na birnin Fas,
Da Barhama mai shayar da masu ƙishirwa.

Bayan godiya ga Allah da salati ga Shugaban halitta, ku sani ya ƴan'uwana ahbabu, ni ba gwanin waƙa ba ne, kuma da ba don abin da ya same ni ba da ban ɗauki alƙalami a kan wannan magana ba. Na tsara baitocin nan a Maraɗi domin a riƙa rera su bayan zikirin Juma'a, sai waɗansu muƙaddamai suka ce in sa musu sharhi da Hausa mai sauƙi, don a karanta wa mata a gida da waɗanda karatunsu bai yi nisa ba. Wa'azin haramcin giya da ƙwaya an yi shi an ƙara, babu yaron da ke sha yana zaton halal ne. Maganata a kan ranar da ke biyo bayan wa'azi take, wato ranar da yaro zai durƙusa gabanka ya ce, "Malam, na gaji, ina so in bari." To, me za a yi da shi?

Ku saurara ikhwani, zance gare ni,
Na yaran gidanmu da ƙwaya ka cinyewa.
Na kori yaro, na ce tsarkin zawiya,
Ashe ni ka nuna mai hanyar kushewa.

Sharhi: Yaron da nake nufi ɗan ƙanena ne, maraya, a hannuna ya tashi. Yana da murya, in ya ja baiti a Maulidi har dattawa sukan share hawaye. Da ya girma aka haɗa kuɗi aka saya masa babur yana kabu-kabu, a can ne abokan aiki suka koya masa tiramol, wai don kada ya ji gajiya ko zafin rana. Ban sani ba sai wani yammaci muna tsakiyar wazifa, an shimfiɗa farin ƙyalle, ya yanke jiki ya faɗi a kansa yana fizge-fizge, kumfa na fita bakinsa. Aka laluba aljihunsa aka sami ƙwayoyin. Kunya ta kama ni, gaban jama'a na ce masa kada ya ƙara taka mini zawiya. Ya ce, "Baba, ka yi mini rai," ban ko dube shi ba.

Dangi suka kai shi wani gida a ƙetaren iyaka inda ake sa wa irinsu mari, har da kuɗina a ciki. Ya yi wata shida ya dawo ya yi shiru, ya yi laushi, muka ce alhamdu lillahi ya shiryu. Babur an riga an sayar, ba wanda ya ba shi aiki, ni kuwa na ce bari in ga kamun ludayinsa tukuna kafin in bar shi ya dawo da'ira. Kwana tara da dawowarsa aka tsince shi a wani kango, rai ya yi halinsa. Allah Ya jiƙansa, Ya yafe mini. Ajali ba ya wuce lokacinsa, wannan imani ne, amma sababi ana tambayar bawa a kansa. Duk abin da zai zo a ƙasa, bayan wannan jana'iza na koye shi, wani daga littattafan da na daɗe ina karantarwa ban lura ba, wani daga bakin likitoci.

Tiramol magani ne na kashe zafin ciwo, dangin ofiyom, a Jamus aka fara haɗa shi, ya shiga kasuwa a 1977. Likita ba ya wuce wa babban mutum miligiram 400 a yini ɗaya. Wanda ake sayarwa a tebur da tasha kuwa ƙwaya guda takan kai 225 ko 250, yaro ya haɗiye uku ko huɗu da shayi, shi ya sa suke faɗuwa kamar masu farfaɗiya. Masu shansa da yawa ba don nishaɗi suka fara ba: ƴan kabu-kabu ne, da ƴan ƙwadago a gona, da masu dako, da waɗanda suka tafi haƙar zinariya tun da aka gano ta a Jado a 2014. A 2018 Indiya, inda mafi yawansa ke fitowa, ta tsananta doka a kansa, a shekarar kuma Nijeriya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin. Sai masu fatauci suka juya ga wata ƙwaya mai suna tafentadol wadda suke gauraya da wani magani, har Indiya ta hana wannan haɗin a 2025. Na kawo wannan ne don ku gane hukuma na toshe rami ɗaya ana haƙa wani, yaron da ya riga ya faɗa kuwa yana nan a zaurenmu.

Giya ba dare ɗai a ka yo haninta,
Mataki mataki Ta'ala Ya yi hanawa.
An kai mashayi gaban Manzon rahama,
Ya hana la'antar sa, balle korewa.

Sharhi: Duk ɗalibi ya san cewa ayar Baƙara ta 219 ta fara nuna cewa zunubin giya ya rinjayi amfaninta, ayar Nisa'i ta 43 ta hana kusantar salla cikin maye, sa'an nan ayoyin Ma'ida na 90 da 91 suka yanke hukunci. Wannan yankewa ba ta zo ba sai bayan yaƙin Uhudu, fiye da shekara 15 da fara wahayi. Uwar Muminai A'isha, Allah Ya yarda da ita, ta bayyana hikimar haka, kamar yadda Buhari ya ruwaito, cewa an fara gina imani a zukata ne da ambaton Aljanna da wuta, kuma da hanin giya aka fara saukarwa da mutane sun ƙi bari. Da zukata suka nuna, rana ɗaya aka tuntsurar da tuluna har giya ta gudana a lungunan Madina.

Kada wani ya juya mini magana. Haramci ya tabbata, ba mai sassauta shi har tashin ƙiyama, kuma ba a ce wa yaro ya ci gaba da sha kaɗan-kaɗan da ra'ayin kansa. Abin lura shi ne Ubangijin da Ya halicci ɗan Adam Ya san al'adar da ta shiga jini ba ta fita da tsawa, mu kuwa muna so wanda ya shekara biyar yana haɗiyar ƙwaya ya wayi gari waliyyi don mun daka masa tsawa sau ɗaya.

Baiti na biyu yana nuni ga wani sahabi mai suna Abdullahi, wanda ake yi wa laƙabi da Himar, mai ba Annabi dariya, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. An sha kawo shi saboda shan giya ana yi masa bulala. Wata rana wani ya la'ance shi saboda yawan kawo shi da ake yi, sai Manzon Allah ya hana, ya kuma shaide shi da son Allah da Manzonsa. A wani hadisin na Abu Huraira, da wani ya roƙa wa mashayi wulaƙanci, Annabi ya hana su zama mataimakan Shaiɗan a kan ɗan'uwansu. Duka biyun suna cikin Buhari. Na karantar da su ba sau ɗaya ba, ranar da aka jarraba ni da su sai na fāɗi. Haddi kuwa, bulala 80 a mazhabarmu, aikin alƙali ne da hukuma. Ba a ba uba ko muƙaddami ko samarin unguwa su kama yaro su yi ta jibga da sunan shari'a ba.

Tuba a zuci take, ciwo a jiki yake,
Ka kai shi likita, ban da jinkirtawa.

Sharhi: Nan ne mafi yawanmu muke kuskure. Tuba takan auku cikin ƙiftawar ido, Allah kuma Ya karɓa, amma jikin da ya saba da ƙwaya bai san an tuba ba. Mai shan tiramol ko kodin in ya tsaya, cikin yini guda zai fara hamma da zufa da majina, gaɓoɓi su yi ta ciwo kamar an bubbuge shi, ga zawo, ga rashin barci, ga fargaba marar dalili. Mafi tsananinsa yakan ɗauki kamar mako guda, rashin barci da baƙin rai kuwa su kan ja makonni. Wanda bai sani ba sai ya ce iska ce ko raki, alhali ciwo ne sananne mai magani.

Wanda ya fi haɗari shi ne wanda ya daɗe yana shan giya kullum, da mai shan ƙwayoyin barci irin su diyazefam. Waɗannan in suka yanke gaba ɗaya ba tare da likita ba, farfaɗiya na iya kama su. Mashayin giya yakan fara da karkarwar hannu, a kwana na biyu ko na uku ya rikice yana ganin abin da babu, zazzaɓi ya rufe shi, kuma ana mutuwa a wannan hali. Saboda haka ranar da ya ce ya bari, ranar za a kai shi asibiti, ba a kulle shi a ɗaki a ce ya yi haƙuri. A fara da asibitin unguwa, su za su tura gaba in abin ya fi ƙarfinsu, kuma babbar asibitin Yamai tana da sashen da ke duba lafiyar ƙwaƙwalwa. Zuwa wannan sashe ba ya mai da mutum mahaukaci. Rubutu da tofi da addu'a a ci gaba da yi, ni ma ina yi, ba su hana allura ba, allura ba ta hana su ba.

Mas'ala: Wani ɗan'uwa ya ce mini, ya halatta likita ya ba yaro ƙwaya alhali daga ƙwaya ake raba shi? Jawabi: malamanmu na Malikiyya, kamar Imamu Ƙarafi wanda ya rasu a shekara ta 684 bayan Hijira, a littafinsa Al-Furuƙ, sun rarrabe tsakanin abin da ke sa maye irin na giya, da abin da ke ɓata hankali, da abin da ke sa barci ya gusar da ji. Giya kaɗan da mai yawa duk haramun ne, kuma Annabi ya gaya wa Ɗariƙu ɗan Suwaidu cewa cuta ce, ba a magani da ita. Sauran biyun abin da aka hana shi ne gwargwadon da ke taɓa hankali, kuma an yi rangwame a kansu domin magani. To, abin da likita ya auna ya bayar yana ragewa sannu-sannu har a rabu, yana cikin wannan rangwame, da sharaɗin maganin ya zauna hannun wani babba amintacce, shi ke ba yaro a kan lokaci. Allah ne Mafi sani.

Mari ka riƙe ƙafa, ba shi riƙe zuciya,
Ranar da an kwance, nan ne wurin faɗuwa.

Sharhi: Bayan rasuwar yarona na tambayi wani likita, yaya wanda ya wata shida bai sha ba zai mutu da abin da a da yake sha ya hau babur? Ya ce ai wata shidan ne sababi. Jiki yakan saba da ƙwaya har ya riƙa ɗaukar mai yawa, in an daina wannan sabo sai ya zube. Yaro ya fito, baƙin ciki ya same shi, ya haɗiye adadin da ya saba a da, jikin kuwa ya koma kamar na wanda bai taɓa sha ba, sai numfashi ya tsaya. Ya ce makonnin farko bayan fitowa daga kurkuku ko wurin tsarewa su ne mafi haɗari a rayuwar mashayi. Mu kuwa a daidai waɗannan kwanaki muka sake shi, muna cewa an gama.

Iyayen da ke kai ƴaƴansu gidan mari ba mugaye ba ne, sun rasa yadda za su yi ne, wanda ya faɗa rijiya ko kaifin takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Amma kowa ya ji abin da ƴan sanda suka tarar a unguwar Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019, mutum fiye da 300 a gida ɗaya, da yawa cikin sarƙa, jikinsu duk tabon duka, bayan haka aka buɗe waɗansu gidajen a Daura da Katsina. Wannan ba tarbiyyar shehunnanmu ba ce.

Masu tarihi sun kawo labarin Abu Mihjan Assaƙafi, jarumi mawaƙi wanda giya ta fi ƙarfinsa a zamanin Sayyidina Umar. A yaƙin Ƙadisiyya Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya sa aka ɗaure shi. Da yaƙi ya yi zafi ya roƙi matar Sa'adu ta kwance shi, ya yi alkawarin in ya tsira zai dawo. Ta amince masa, ya hau dokin Sa'adu ya yi abin mamaki a fagen fama, ya komo ya mai da ƙafarsa cikin mari da kansa. Da Sa'adu ya ji, ya sake shi ya ce ba zai ƙara yi masa bulala ba, shi kuwa a nan ya yi rantsuwa ya bar giya. Bulala da ɗauri sun daɗe a kansa ba su raba shi da ita ba, sai ranar da aka amince masa aka girmama shi.

Ka raba shi da fada, ka ba shi wata fada,
Gurbin da ka bar wofi, Shaiɗan ka cikawa.
Ciki da yunwa ba shi jin wa'azinka,
Sana'a ka ba shi, da wani mai dubawa.

Sharhi: Fadar samari inda ake dafa shayi har tsakar dare, nan ne yaro ke da suna, nan ake tambayarsa in bai zo ba. In ka ce masa kada ya ƙara zuwa, ka cire masa abokai goma, sai ka faɗa mini wa ka ba shi a madadinsu. Malamin nan da ya yi wa mai kisan kai ɗari fatawar tuba, a hadisin Buhari da Muslim, da ya umurce shi da barin garinsu sai da ya nuna masa garin mutanen kirki da zai koma. A zawiyarmu yanzu duk yaron da ya zo da niyyar bari, mukan haɗa shi da mutum biyu, dattijo ɗaya da saurayi tsaransa ɗaya. Saurayin ke biya masa da asuba su taho masallaci, kuma bayan isha'i, lokacin da sha'awar abin ta fi tashi, akwai shayi a zauren zawiya, ana hira ana dariya, ba wa'azi ake yi ba.

Batun sana'a ba ya son dogon sharhi. Bayan zikirin Juma'a kowa yakan jefa dala ashirin ko abin da ya sawwaƙa, da shi muke biyan magani da kuɗin koyon ɗinki ko walda ko gyaran babur. Abu ɗaya na gani da idona: kada a danƙa wa yaro jika hamsin a hannu a watan farko a ce jari ne. A ba maigidan da zai koya masa aiki, shi kuwa a riƙa ba shi na abinci kullum. Kuma wanda ya fara sha saboda aikin ƙarfi, kada a mai da shi ga aikin nan da awoyin nan, don abin da ya kai shi zai sake kai shi.

Kada ka yi saurin ɗora mai wuridi,
Bari shi zauna da'ira, shi saba da zuwa.

Sharhi: Wannan ga muƙaddamai nake. Lazimi alkawari ne har mutuwa, istigfari 100, salati 100, hailala 100, safe da yamma, ga wazifa, ga zikirin Juma'a, wanda ya sha kuwa ramuwa ta hau kansa. Yaron da jiya ya fito daga ƙwaya, barcinsa bai daidaita ba, in ka ɗora masa wannan ya kasa, sai Shaiɗan ya raɗa masa cewa ya warware alkawarin Shehu, ya halaka, me ya rage? A ganina a bar shi ya tsare salloli biyar tukuna, ya riƙa zama cikin da'ira yana istigfari da salati gwargwadon ƙarfinsa, in ya nemi wuridi da kansa bayan ya natsu sai a ba shi. In kuwa ya zo a buge, ba ya shiga sahu sai ya san abin da yake faɗa, wannan hukuncin ayar Nisa'i ne. A zaunar da shi a zaure, a ba shi ruwa da abinci, wani ya zauna da shi. Haka nan sigari, mun san matsayin ɗariƙarmu a kan taba, za a zo kanta, amma ba a ranar farko ba.

In ya koma sha, kai ma koma gare shi,
Ƙofar tuba ba kai a ka ba rufewa.

Sharhi: Zai yiwu ya koma, ku sa wannan a ranku tun farko don kada ku yanke ƙauna. Hukumar binciken shaye-shaye ta Amurka ta ce kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa magani sukan koma sha, kusan daidai da yadda masu hawan jini ko asma ke komawa ciwonsu. Ba mu taɓa jin an kori mai hawan jini daga gida don jininsa ya sake hawa ba. Akwai wani a wurinmu sau huɗu yana komawa, yau shi ke shimfiɗa ƙyallen wazifa, yana da mata da ƴa. Akwai kuma wanda har yanzu muna bin sa, bai tsaya ba.

A gaya wa yaro tun yana cikin hankalinsa: in ka zame, ka zo ka faɗa, ba mai tozarta ka, kuma kada ka kuskura ka sha adadin da, kada ka gama ƙwaya da giya ko maganin barci, kada ka sha kai kaɗai a kango. Wani zai ce wannan koya masa sha ne. Ni na wanke gawa, na fi son ya rayu ya sake tuba. In an tarar da shi a sume, a kwantar da shi a gefensa, kada a ɗura masa madara ko ruwa, kada a cusa masa cokali a baki in yana fizga. In numfashinsa ya yi ƙasa ko leɓɓansa sun sauya launi, a ɗauke shi zuwa asibiti nan take, akwai allurar da ke dawo da numfashi in an kai da wuri. Haƙurin nan kuwa bai hana iyaka ba: ba a ba shi kuɗi a hannu, ba a bar shi ya daki uwarsa ko ya kwashe kayan gida, mai sayar da ƙwaya a unguwa kuma a kai maganarsa ga mai unguwa da hukuma.

Uwa tana kuka a ɗaka ba ta faɗi,
Ga ƴan mata na sha, ba mai kulawa.
Ya Rabbi don Ɗaha ka shirya ɗiyanmu,
Ka jiƙan wanda mun ka sake shi ga faɗuwa.

Sharhi: Uwa ita ke fara gani, ita ke ɓoyewa, don gudun a ce ba ta iya tarbiyya ba, ko kishiya ta yi dariya. Ƴan mata da matan aure masu shan maganin tari da ƙwayar barci suna nan cikin gidajenmu, nasu ya fi ɓoyuwa domin in aka ji, aure ya mutu ko ya ƙi zuwa. Wannan aikin muƙaddamai mata ne da malaman makarantun matan aure, su ke shiga inda ba mu shiga. Sharaɗinsa riƙon asiri: abin da uwa ta faɗa a ɗaki kada a ji shi a gidan biki, kada kuma liman ya hau mumbari ya yi hannunka mai sanda da gidan da kowa zai gane.

Baiti na ƙarshe addu'a ce. Wanda ya karanta ko aka karanta masa, ina roƙonsa Fatiha ɗaya da Salatil Fatihi ga yaron nan nawa, da sauran waɗanda suka tafi irin tafiyarsa. Allah Ya yi daɗin tsira ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Tammat.